Sharhi: Canza Bol-joyin a Gida, Tsimi ne ko Ganganci?

Tun bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, aka kuma bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yuni, riƙe mota ya zama babban nauyi a wuyan 'yan kasuwa. Dalar da ake saya kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Da yake galibin kayan gyara daga ƙetare ake shigo da su, farashinsu ya bi sahu. Wannan ne ya sa wasu masu motoci masu jan ƙafa huɗu, irin su Hilux da Prado, waɗanda ke shiga ƙauyuka sayen hatsi, goro ko dabbobi, suka koma yin wasu gyare-gyare a gida. Daga cikin waɗannan gyare-gyare har da canza bol-joyin.

Shi dai bol-joyin gaɓa ce ta ƙarfe mai kama da mahaɗar ƙugun mutum: dunƙulen ƙarfe ne a cikin kwarmi, an cika shi da giris, an rufe da roba. Shi ke haɗa ƙafar gaba da jikin mota, ya ba ta damar juyawa da hawa da sauka. Idan robar ta yage, ruwa da yashi suka shiga, sai ya fara cinyewa. Alamunsa su ne ƙwanƙwasa a kan gargada, da rawar sitiyari, da cinyewar taya ta gefe guda. Idan ya ɓalle ana cikin tafiya, ƙafar kan kwanta a ƙarƙashin motar, direba kuma ya rasa iko da ita. Saboda irin wannan haɗari ne kamfanin Toyota ya nemi a dawo masa da motoci fiye da 700,000 a Amurka a shekarar 2005, domin a canza musu bol-joyin na ƙasa.

To, ko ya dace ɗan kasuwa ya yi wannan aiki a gida? Ya dace, amma ba don tsimin kuɗin makanike ba, domin ladan aikin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da kuɗin kayan. Ribar tana wurare biyu. Na farko, motar ba za ta kwana a gareji ranar kasuwa ba. Na biyu, mai ita zai ga abin da aka sa mata da idonsa. Sai dai wannan riba tana da sharuɗɗa uku, kuma duk wanda ya tsallake ɗaya, ganganci ya yi.

Sharaɗi na farko shi ne ingancin kayan. A kasuwanni irin su Ladipo ta Legas, da Nkpor kusa da Anacha, da Ƙofar Ruwa ta Kano, akan sami na kamfani, da na hannu da aka ciro daga tsofaffin motocin ƙetare, da kuma jabu a cikin kwali mai kyan gani. Na hannu ba wanda ya san yawan tafiyar da ya yi, jabu kuwa ba a gane shi sai a kan hanya. Wajibi ne a saya da lambar kayan, daga dillalin da aka sani, a kuma karɓi rasit. Idan gefe ɗaya ya cinye, ɗayan ma yana kan hanya, saboda haka ya fi a canza su tare. A nan ne Bahaushe ke cewa araha ba ta ado.

Na biyu shi ne kayan aiki. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita. Dole a tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai ƙarfi. A wasu motoci notuna ne ke riƙe da bol-joyin, waɗannan suna da sauƙin canzawa. A wasu kuwa matse shi ake yi cikin hannun ƙarfe, kuma duk wanda ya sa guduma a madadin na'urar matsewa zai lalata sabon tun bai fara aiki ba. Har ila yau, a mota mai jan ƙafa huɗu dole a tallafe ƙafar bayan an kwance ta, kada nauyinta ya ja tiyon birki ko ya zare shaf ɗin gaba. Daga nan a ɗaure notin da sifana mai awo, daidai da ƙa'idar littafin motar, a sa sabon fil ɗin da ke hana shi kwancewa.

Na uku, bayan an gama sai a kai motar a daidaita ƙafafunta. Wanda ya ƙi biyan wannan ɗan kuɗi zai biya shi ninki-ba-ninki a wurin mai sayar da taya.

Akwai masu ganin cewa bai kamata a taɓa irin wannan gaɓa a gida ba sam. Suna da hujja game da wanda bai taɓa riƙe sifana ba. Irin wannan ya sayi kayan da kansa, ya kira amintaccen makanike ya yi aikin a gabansa. Amma gareji kaɗai ba ya kawo tsaro, domin jabu jabu ne ko a hannun wa aka ɗaura shi.

Saboda haka ya kamata Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta ƙara sa ido a tashoshin jiragen ruwa da kasuwannin kayan gyara, ƙungiyoyin dillalai kuma su hukunta masu sayar da jabu a cikinsu. Shi kuwa ɗan kasuwa, ya tuna cewa a kan wannan ɗan ƙarfe ne jarinsa da ran direbansa suke tafiya.