Ina Fayil Ke Tafiya Idan Mun Goge Shi?

Da muka je hutu gida Kiru, wata ƙanwarmu ta zo tana hawaye, wai ta goge aikin makarantar da ta kwana uku tana bugawa a kwamfutar yayanta. Muka ce kada ta ajiye komai a kai. Ga dalili.

A cikin kwamfuta akwai rumbun ajiya da ake kira had disk. Faya-fayai ne masu sheƙi, an lulluɓe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Wata 'yar allura ke shawagi a kansu ba tare da ta taɓa su ba, tana rubuta komai da lambobi biyu kacal, 0 da 1. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956, da faya-fayai 50, amma hotunan waya biyu ko uku sun isa su cika shi.

Ku ɗauki faifan tamkar gonar masara a Doguwa. An ja kunyoyi, sai dai waɗannan zagaye suke, kowace kunya kuma an yanka ta gunduwa-gunduwa. Gunduwa ɗaya na cin bait 512, ko 4,096 a sababbin faya-fayai. Sannan akwai tsarin rajista, irin su NTFS da FAT32, mai riƙe sunan kowane fayil da inda yake, kamar littafin mai sito a kasuwar Kwanar Dangora.

Idan mun goge fayil, sunansa kawai aka soke a rajista, buhun na nan a sito sai an ɗora wani a wurinsa. Shi ya sa muka dawo da aikin ƙanwarmu da manhajar ceto bayanai.

Don haka kada mu hau acaɓa da kwamfuta a kunne, gargada ɗaya na iya sa allura ta karce faifai. Mu riƙa kwafar aiki a filashi. Kafin mu sayar da tsohuwar kwamfuta kuma, mu sa a goge faifan gaba ɗaya, kada hotunan gidanmu su faɗa hannun baƙo.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.