LAFIYA UWAR JIKI: Tusar Jaki Da Magungunan Gida

A wannan mako za mu duba tusar jaki, wato ɗan tsiron nan mai kaushi da kan fito wa mutum a bayan hannu, ko gefen farce, ko gwiwa, ko tafin ƙafa. Da wuya ka shiga makarantar firamare ka rasa yaron da ke ɗauke da ita, da wuya kuma ka sami tsohuwar da ba ta da maganinta a baki.

Shi dai jaki ba ruwansa, sunansa kawai aka ara. Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV, mai iri fiye da 100, wadda ke shiga ta ƙwarzane ko tsagewar fata. Tun a shekarar 1907 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Giuseppe Ciuffo, ya tabbatar ana ɗaukarta, da ya tace ruwan tsiron ya sa wa hannunsa, ta kuwa fito masa. Takan yi watanni a fata kafin ta bayyana, shi ya sa mutum ba ya tuna inda ya kwaso ta.

To, ga abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya taɓa magani. A jikin yara, kimanin kashi 2 cikin 3 na tusar jaki kan ɓace da kansu cikin shekara 2, domin garkuwar jiki ta gane ƙwayar ta kore ta. Saboda haka duk abin da aka shafa na ƙarshe, shi ke kwashe yabo. Wannan shi ne asirin yawancin magungunan gida. Tun da haka ne kuwa, a ganina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, wane ne a cikinsu ba zai bar wa yaro tabo ba?

Ruwan tumfafiya shi ne na farko da za a nesanta. Lalle yana cin fata, amma ɗigo ɗaya in ya shiga ido yana iya dushe gani na kwanaki, yaro kuwa ba ya raba hannunsa da idonsa. Haka man ɓawon kashu da dakakkiyar tafarnuwa da ake ɗaurewa a kwana da ita, dukansu suna ƙona lafiyayyar fata har ta yi bororo. Masu yankewa da reza kuma, suna cewa za su tono saiwa, wahala kawai suke sha. Baƙaƙen ɗige-ɗigen da ake gani a ciki ba saiwa ba ne, ƙananan hanyoyin jini ne da suka daskare, kuma rezar ce za ta kai ƙwayar wani wuri.

Akwai kuma dabarar rufe ta da salatif mai kauri har kwana 6, a cire a goge, a sake rufewa. Wani bincike a Amurka a shekarar 2002 ya yaba ta ƙwarai, amma waɗanda suka biyo baya a 2006 da 2007 ba su ga wannan nasara ba. Ko ba komai dai ba ta cutarwa.

Wanda ya fi samun shaidar likitoci shi ne ruwan salisilik da ake sayarwa a kantin magani. Ga masu son abin itatuwa, shi ma danginsa ɓawon wata bishiya ne da Turawa ke kira wilo. A jiƙa wurin cikin ruwan ɗumi na minti 5, a goge matacciyar fatar a hankali da dutsen goge kaushi, a shafa man kaɗanya a kewaye don kare lafiyayyar fata, sa'an nan a ɗiga maganin a kan tsiron kaɗai. Kullum za a yi, wani lokaci har mako 12. A nan ne akasarin mutane ke gajiya, su ce magani bai ci ba. Dutsen nan kuwa kada kowa ya ara.

Wajen rigakafi, a hana yaro cizon farce da tsokanar tsiron, kowa ya riƙe tawul ɗinsa, a shiga makewayin haya ko na makarantar kwana da silifa. Mai zuwa wurin wanzami ya tafi da sabuwar reza, domin aski na baza ta a gemu.

Amma fa mai ciwon sukari kada ya taɓa ta ƙafarsa da kansa. Haka wadda ta fito a fuska, ko mai zubar jini, ko mai sake launi, ko wadda ta yi yawa ga babba farat ɗaya, sai asibiti, inda ake daskarar da ita da ruwan naitirojin. Ta al'aura ita ma aikin likita ce, iri na 6 da na 11 ke kawo yawancinta. Allurar HPV da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoba na 2023 tana kare waɗannan biyu, tare da iri na 16 da na 18 masu jawo sankarar bakin mahaifa. Sai dai ba a yi ta domin ta hannu da ta ƙafa ba.