Birki ya yi tauri? Kada a ɗora yara tukuna

'Yan uwana mata, da yawanmu tsohuwar a-kori-kurar maigida ce ke kai mu biki da kasuwar ƙauye, yara cike a baya. In kin ji yana cewa birki ya yi tauri, sai ya taka da ƙarfi, kada ki yi shiru. Motar za ta ƙara tafiya kafin ta tsaya.

Yawanci baƙar tukunyar iskar nan ta cikin bonet, mai taya ƙafa dannawa, ita ce ta lalace, ko tiyonta ya tsage. Gwajin bai kai minti ɗaya ba: a kashe mota, a taka birki sau 5, a riƙe, sannan a tayar. In feda ta ɗan sauka, lafiya lau. In ta ƙi, ko aka ji iska na fita, sai gareji kafin kowace tafiya.

Abin da ya fi damuna a matsayina na nas shi ne ragowar man birki da ake juyewa a robar ruwa bayan gyara. Guba ne mai lalata ƙoda. In yaro ya sha, kada a ba shi manja, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti, ko da yana ta wasansa.