Sati Biyu a Bayan Iyaka, Sai Ka Dawo Ka Ce Duhu Ka Gani?

 Yau za mu tsaya kan wani irin rubutu da ke yawaita duk lokacin da makarantu suka yi hutu: labarin matashi Kirista da ya bi zumuntar matasan cocinsu zuwa aikin bishara na ɗan lokaci a ƙasar waje, ya dawo ya rubuta abin da ya gani. A wajenmu nan, ƙasar wajen ba Amurka ba ce. Mota ce daga Zuru ko Yawuri ko Kaduna zuwa Bagudo, a ratsa yankin Illo da Lafagu, a tsallaka Jamhuriyar Benin, a yi sati biyu a juyo.

Bari mu fara sallamar masu cewa a goge irin wannan rubutu, wai zauren adabi ba wurin wa'azi ba ne. Ba za mu goge ba. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, kuma daga Wusasa har Maraɗi da Hausa ake addu'a a majami'u. Wanda ya tashi da harshen nan yana da ikon rubuta tafiyarsa da shi, kamar yadda alhaji ke rubuta tasa ta Makka. Rigimarmu da marubutan ce, kuma kan aikinsu take, ba kan imaninsu ba.

Ka karanta goma, kamar ɗaya ka karanta. An tashi da asuba, mota ta lalace, an yi addu'a ta tashi. An isa "wani ƙauye mai duhu". Yara sun taru babu takalma. An haska majigi, an raba magani, mutum kaza sun ɗaga hannu. Marubuci ya zubar da hawaye, ya gane ashe shi ɗan gata ne. Shi ke nan. To, mutanen garin fa? Shafi biyar, babu ɗayansu da ya buɗe baki. Ba su musu, ba su zolaya, ba su tambayar baƙo abin da ya kawo shi. An jera su kamar buhunan albasa don gwarzon labari ya sami inda zai jingina a ɗauke shi hoto.

Wane duhu, don Allah? Layin da kuka tsallaka kuna jin kun bar duniya, Ingila da Faransa ne suka shata shi da yarjejeniyar 1898 suka raba ƙasar Borgu biyu. Mutumin Lafagu ko Lolo bai ɗauki Madekali ƙasar waje ba. Can surukansa suke, can yake cin kasuwa, naira da sefa a aljihu ɗaya. Da aka rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019, shi ya san abin da ya sha, ba mai zuwa hutu ba. Tun kafin a haifi kakanninmu fataken Hausa ke ratsa Borgu da jakuna zuwa Gwanja sayen goro. Kasuwar Malanbil kaɗai ta isa ta ba marubuci mai ido littafi guda. Ana Dendi, ana Boko, ana Kyanga, ana Fillanci, ana Faransanci. Tafintan da ke tsaye a gefenka yana juya harshe huɗu ko biyar, kai biyu gare ka, kuma ba don shi ba ko ruwan sha ba za ka iya roƙa ba a wasu gidajen. Amma a rubutu sai ya zama "wani ɗan'uwa da ya taimaka mana". Me ya ce maka a hanya? Wace kalma taka ya ƙi fassarawa don ya san za ta jawo faɗa? Labarin yana nan, ka wuce shi.

Ko ta fuskar bisharar ma, ba ku kuka fara ba. Mishan ɗin SIM ya shiga arewacin Dahomey, wato Benin ta yau, tun 1946, kuma akwai ikkilisiyoyi a can da suka girmi iyayen baƙon. Faston da ya bar muku ɗakinsa ya kwana a zaure, matarsa da ta yanka kazar da take tattali, su ne za su ci gaba da zama da liman da mai gari bayan ƙurar motarku ta kwanta. Idan wani cikinku ya saki baki ya ɓata wa maƙwabta rai, su za su bi gida gida ba da haƙuri.

Waɗanda kuke kwaikwayo ma ba haka suka yi ba. Cikin mutum uku na farkon SIM da suka sauka Legas a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu a 1894. Dakta Walter Miller sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa kafin ya shigo ƙasar Hausa a 1900, kuma sai bayan shekara talatin da ɗoriya fassarar nan ta fito. Kana iya ƙin abin da ya kawo su, amma ba sati biyu suka yi suka yanke wa gari hukunci ba. Mu ma muna da namu abin koyi: Dorugu, yaron Bahaushe da ya bi Bature Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin Turawa da Hausa, wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta. Yaro ne, baƙo ne, amma ya kalli masu masaukinsa da kyau, abincinsu da al'adunsu, har abin da ya ba shi mamaki.

Sai abu mafi nauyi. Yankin nan ba ya zaune lafiya. 'Yan bindiga na kai hari a arewacin Benin da sassan Kebbi. Ka sa hoton matar da ta ɗaga hannu a Facebook, da sunan ƙauyensu, ka sami sharhin "Amin" ɗari uku, kai kana kwance a Kaduna. Ita kuwa ba ta san an sa ba, mijinta bai sani ba, sai ranar da wani ya nuna masa a waya. Wannan ba shaida ba ce, jefa rai cikin haɗari ne don neman yabo. Abin takaici, an juya abin: an ɓoye muryar mutum, an tona fuskarsa. Canza suna, cire hoto, rufe sunan gari, amma ka bar ta ta yi magana, ko da maganar tata ita ce don magani ta zo, ba don wa'azi ba.

Masu irin wannan rubutu a hannu, ku sake zama a kansa. Muna son jin mai masauki da tafinta da tsohon da ya ƙi zuwa kallon majigi, kowa da bakinsa. A turo kafin Juma'a mai zuwa. Wanda ya zo da hoton fuskar wani, za mu mayar masa.