Tambarin inganci a jikin kayan sauti: wanne ke kare kuɗinka, wanne ne ado kawai?

Da bikin ƙanwata ya matso bara, kayan sautin ɗakinta ne suka faɗo a kaina. Na tashi daga Tudun Wada na zaga shagunan kayan lantarki na PZ da Sabon Gari, na dawo da hom tiyata mai sifika biyar da babbar wufa guda. Kwalinta cike yake da tambura: Dolby, DTS, CE, ga kuma "8000W" da manyan haruffa ja. Mai shagon ya nuna min su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Malam, ai ka gani da idonka, orijina ce."

Ba a yi wata huɗu ba ta kira ni. "Yaya, an kawo wuta da ƙarfi, abin nan ya yi ƙara, sai hayaƙi." Mai gyaran da na kai wa ya kwance ta, ya juya bayanta ya nuna min wani ɗan rubutu da ban taɓa kula da shi ba. Wutar da na'urar ke ja gaba ɗaya wat 60 ce. Na koma shago, aka ce kayan wuta ba su da garanti. Rasit ɗin ma da aka ba ni babu lambar na'urar a jiki.

Tun daga ranar nake tambayar kaina ko waɗannan tambura suna da sauran amfani. Amsata ita ce suna da shi, amma ba duka ba, kuma waɗanda suka fi ɗaukar ido su ne suka fi ƙarancin amfani ga mai saye a Zariya.

Mu fara da THX, wanda masu son fim ke ɗauka a matsayin sarkin tambura. Kamfanin Lucasfilm na Amurka ne ya kafa shi a 1983, da aikin injiniyan sauti Tomlinson Holman, domin gidajen sinima su fitar da sautin fim ɗin Return of the Jedi yadda aka tsara shi. Daga baya tsarin ya shigo kayan gida. Na'urar da ke ɗauke da shi da gaske an gwada ta an ga tana iya cika ɗaki mai wani girma da sauti ba tare da ya dagule ba. A 2016 kamfanin Razer mai yin kayan wasan kwamfuta ya saye THX. Gwajin gaskiya ne, amma kayan da suka ci shi masu tsada ne, ba kasafai ake ganinsu a ɗakin amarya ba.

Dolby da DTS wani abu ne daban. Lasisi ne da ke nuna na'urar ta iya karanta wani tsarin sauti, kamar 5.1, wato sifika biyar da wufa ɗaya. Ba shaida ba ce cewa sifikokin masu kyau ne, kuma ba alkawari ba ne cewa za su daɗe. Sannan sai abin da kake kunnawa ya zo da wannan tsarin. Waƙar da ka tura daga waya ta Bluetooth layi biyu ce, hagu da dama. Haka mafi yawan finafinan Hausa da muke kallo a YouTube. Ko sifika goma ka jera, layi biyun nan ake rarraba musu.

Shi kuwa CE na Tarayyar Turai ne. A irin waɗannan kaya, kamfanin da ya ƙera ne ke liƙa shi da kansa, yana cewa ya bi ƙa'idojin Turai. A can akwai hukumomin da ke bin kasuwa suna hukunta wanda ya yi ƙarya. A Tudun Wada babu jami'in Turai da zai zo ya duba.

Sai lambar wat, wadda ba ma tambarin inganci ba ce amma ita ta fi sayar da kaya. Idan ka ga PMPO kusa da ita, to lamba ce da babu wata ƙa'ida ɗaya ta auna ta, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafawa. Wadda ake iya kwatanta kaya da ita ita ce RMS. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce wadda mai gyara ya koya min: juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja. Abin da ke jan wat 60 daga bango ba zai riƙa fitar da wat 8000 ba, kamar yadda tulu ba ya zubar da ruwan da ya fi wanda aka zuba masa.

Duk waɗannan tambura, ko da na gaske ne, babu wanda ya yi maganar abin da ya fi damun mu, wato wutar da ke hawa da sauka, da kuma inda za ka kai kuka idan kaya ya mutu. A nan ne tsarin gida ya kamata ya yi aiki. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da SONCAP, wanda aka fara a 2005 domin kayan da ake shigowa da su, da MANCAP na kayan da ake ƙerawa a cikin ƙasa. Sai dai SONCAP takarda ce da mai shigo da kaya ke buƙata kafin Kwastam ta sake masa kaya a tashar ruwa. Tana hannun babban dila a Legas. Kafin kwali ya taso daga kasuwar Alaba ya iso shago a Zariya ya bi hannu da yawa, kuma ƙaramin ɗan kasuwa sau da yawa bai taɓa ganin takardar ba, balle mai saye.

Wani zai ce to a bar batun tambari kawai, kunne ya yi alƙalanci. Akwai gaskiya a ciki. Idan aka kunna maka kaya biyu a shago za ka ji wanda muryarsa ta fi fita tsaf. Amma kunne ba ya jin sirantar waya, ba ya jin ko akwai fis a ciki, ba ya jin taransifomar da za ta yi zafi bayan awa uku. Abin da ke jawo gobara a ɗakin da yara ke kwana ba ya fitowa a gwajin minti biyar. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro gwajin hukuma ke nan tun farko.

'Yan kasuwa ma suna da tasu hujjar: jama'a araha suke nema, mai cikakkun takardu kuwa ya fi tsada. Haka ne. Amma araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi kaya sau biyu a shekara ɗaya bai yi araha ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar wa mutum ƙaramin kaya da sunan babba. Idan na wat 60 ne, a faɗa masa, ya saya da saninsa.

Saboda haka tambarin da ya cancanci ka biya kuɗi dominsa shi ne wanda akwai wanda za ka iya kamawa a bayansa. Kafin ka biya, duba ko sunan kamfani da lambar samfurin da ke kwali sun yi daidai da na jikin na'urar, ka kuma buga su a wayarka ka ga ko kamfanin ya san da ita. Ka nemi katin garanti mai adireshin wurin gyara a Najeriya. Ka sa a rubuta lambar na'urar da tsawon garantin a rasit. Idan na hannu ne daga Amurka, ko da THX ne na gaske, ka tuna wutarsu volt 120 ce, tamu 230, sai da na'urar rage wuta. Kuma ka ware kuɗin sitabilaiza a cikin kasafinka tun farko.

Ka kuma san cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kayan da ya fito da lahani. Rubutun "ba a dawo da kaya" a bangon shago bai fi doka ƙarfi ba.

Ga SON kuma, aikinta bai kamata ya tsaya a tashar ruwa ba. Mai saye a Tudun Wada yana buƙatar hanyar da zai tsaya a gaban kanta da wayarsa ya tabbatar, cikin minti ɗaya kuma da Hausa, cewa wannan samfurin ya bi ta hannun hukuma. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan lantarki na Zariya su ma za su iya sa wa mambobinsu dokar rubuta garanti a rasit tun yau, ba sai sun jira Abuja ba.

Na sake saya wa ƙanwata wata. Sifika biyu ce da wufa, kwalinta babu ado sosai, an rubuta wat 40 RMS, ga katin garantin shekara guda da sitabilaiza a gefe. Da na kai, sai da ta ɗan ɓata rai don ta fi ta farko ƙanƙanta. Har yanzu ita take kunnawa.