Kujerar Da Babu Kowa Ita Ma Tana Shan Mai

Duk wanda ya taɓa ganin jirgin Airbus A380 ya san abin kallo ne. Hawa biyu ne tun daga kai har wutsiya, injinsa huɗu, tankunansa kuwa suna cin mai wajen lita 320,000. An yarje masa ɗaukar mutum 853, ko da yake kamfanoni sukan tsaya a kujeru wajen 500. Ya fara jigila a 2007, amma a 2019 aka ba da sanarwar daina ƙera shi, aka miƙa na ƙarshe a 2021. Guda 251 kacal aka sayar, kusan rabinsu ga kamfanin Emirates na Dubai.

To, me ya karya kasuwarsa? Lissafi ne. Idan ya cika maƙil, man da ya faɗo kan kowane fasinja ba shi da yawa. Sai dai jirgin kansa, ko babu kowa a ciki, nauyinsa ya kusa tan 280, kuma tilas a ɗaga wannan nauyi, ko an cika ko ba a cika ba. Ga ladan gyaran inji huɗu, ga ma'aikata wajen ashirin, ga fikafikai masu faɗin kusan mita 80 waɗanda ba kowane filin jirgi ke iya karɓa ba. Garuruwan da za su ba shi mutum 500 kullum, rani da damina, ba su da yawa.

Bugu da ƙari, a da dokar Amurka ta hana jirgi mai inji biyu nisantar filin sauka fiye da tafiyar minti 60. A 1985 aka sassauta zuwa minti 120, daga baya aka ƙara. Watau an buɗe wa irin su Boeing 777 da 787 hanyar ƙetare teku, ga sauƙin mai, ga saurin cika. Shi ma Boeing 747, wanda ya fara aiki a 1970, an miƙa na ƙarshensa a 2023.

Alhazanmu sun san 747 sarai, domin kamfanonin Kabo da Max Air sun daɗe suna kai su ƙasa mai tsarki da shi. Can ne girmansa ke da rana, don kujeru ba sa kwantai. Amma fa jirgin da ya sauke maniyyata a Jidda galibi fanko yake komowa ɗaukar wasu, kuma man wannan komowar yana cikin kuɗin kujerar da mahajjaci ya biya.