SHARHI: Filin Dawaki A Gombe, A Fara Da Ƙofa Da Matsayar Motoci

Sanin kowa ne cewa doki yana da daɗaɗɗen tarihi a ƙasar Gombe, tun daga zamanin Modibbo Buba Yero wanda ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, har zuwa shekarar 1919 da aka dawo da hedkwatarta daga Nafaɗa zuwa mazauninta na yanzu. A yau ma babu bikin da ke tara jama'a a birnin kamar hawan salla a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na Uku. Amma abin da ba a cika dubawa ba shi ne yadda dawakin nan suke isowa cikin gari, da inda ake sauke su, da kuma inda ake motsa su a sauran ranakun shekara. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da hukuma za ta keɓe wa masu dawaki fili na jama'a, kuma aikin farko a wannan fili ya zama na mashiga da matsayar manyan motoci, kafin a yi zancen rumfar manyan baƙi.

Dalilin gaggawar a bayyane yake. Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba na 1996 da aka cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, birnin yake ta faɗaɗa ta kowace kusurwa. Ƙidayar 2006 ta nuna jihar tana da mutane sama da miliyan 2.3, sa'an nan rikicin Boko Haram ya koro ɗimbin jama'a daga Borno da Yobe, waɗanda da yawansu suka sayi filaye suka yi gini a Gombe. Gonaki da burtalan da a da mahayi kan bi ya fita bayan gari sun zama unguwanni. Kowace shekara aka jinkirta, filin da za a iya keɓewa yana ƙara nisa da gari, kuɗin diyyarsa kuma yana ƙaruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wajibi ne 'yan kasuwa su fahimci cewa doki sana'a ce mai rassa da yawa. Bayan mai shi, akwai mai kula da barga, da mai sayar da harawar wake da ta gyaɗa, da mai dusa da kanwa, da manomin dawa da gero. Akwai badukun da ke ɗinka kayan sirdi da ragama, da maƙerin da ke ƙera linzami da likkafa, da likitan dabbobi, da direban da ke jigila. Jihar Gombe ƙasar noman wake ce, saboda haka harawar da doki ke ci a nan gida take, kuma kuɗinta a aljihun manomin karkara yake ƙarewa. Duk abin da zai ƙara yawan ranakun da ake hawa a shekara, ko sukuwa ce ko kilisa ko hawan angwanci, zai ƙara wa waɗannan mutane ciniki.

To amma ta yaya doki ke zuwa wurin taro? A wannan yanki namu galibi a buɗaɗɗiyar motar ɗaukar kaya ake ɗora shi. Idan an iso, sai direba ya nemi wani tudu ko gefen kwalbati ya jingina bayan motar, a jawo dokin ya diro. Gadon babbar mota yana da tsayin fiye da mita ɗaya daga ƙasa, kuma dabbar da ta yi awoyi a tsaye cikin zafi, ƙafafunta sun sage, ita ake tilasta wa wannan tsalle a gefen titi, babura da Keke Napep suna wucewa suna oda. Dokin da ya karye a ƙafa da wuya ya sake moruwa, ke nan dukiya mai yawa ta salwanta a cikin minti guda. Dokin da ya firgita ya ƙwace kuwa, mai tafiya a ƙasa da ɗan makaranta ne ke cikin haɗari.

Haka kuma kwalta ba wurin gudun doki ba ce. Yawancin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, santsin titi yana kayar da su, taurinsa kuma yana cinye kofato. A Kano, rundunar 'yan sanda ta sha fitar da sanarwar hana kilisa a kan titunan birni saboda haɗurra da ɓata-garin da ke fakewa da ita. Hani irin wannan yana iya kwantar da ƙura na ɗan lokaci, amma matashin da ke da doki a gida dole ya motsa shi, in kuwa ba a nuna masa inda zai je ba, titin zai koma.

Abin da ake bukata ba shi da wuyar lissafi. Da farko, ƙofa biyu: ɗaya ta jama'a da ƙananan motoci, ɗaya ta dabbobi da motocinsu, domin kada doki da yaro su haɗu a ƙunci. Ita ƙofar dabbobin ta kasance a kan hanyar da ta ɓalle daga babban titi, yadda motar da ke jiran shiga ba za ta tare hanyar Bauchi ko ta Dukku ko ta Biu ba. Na biyu, matsayar motoci da aka auna da girman babbar mota. Ƙaramar mota tana tsayawa a wuri mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2.5, alhali tirela tana kai mita 16 ko fiye, kuma tana bukatar fili mai faɗin kimanin mita 25 kafin ta juya. Idan aka ba kowace mota mita 20 a tsaye da mita 4 a kwance, motoci goma za su ci murabba'in mita 800, wanda ko an haɗa da wurin juyawa da na ɗaure dawaki bai kai rabin hekta ba. A Amurka, wuraren shaƙatawa da ke karɓar mahaya sukan tsara matsayar yadda mota za ta shiga ta gefe guda ta fita ta ɗaya gefen ba tare da ta ja da baya ba, kuma wannan dabara ba ta cin ƙarin kuɗi illa tunani tun ranar awo.

Na uku, dakali mai gangara wanda tsayinsa ya yi daidai da gadon mota, irin wanda ake lodin shanu da shi a manyan kasuwannin dabbobi, da turaku a inuwa, da kwamin ruwa. Doki guda yana shan lita 25 zuwa 50 a yini, fiye da haka ma a watannin Maris da Afrilu, don haka rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana tana cikin kayan farko. A nan bakin dakalin ne ya dace ma'aikacin lafiyar dabbobi ya zauna, ya duba kowane doki kafin ya cuɗanya da sauran, domin taron dabbobi daga garuruwa dabam-dabam shi ne babbar hanyar yaɗuwar cuta.

Na huɗu, hanyar hawan kanta. Daga matsayar motoci a fitar da hanya mai rairayi, a kafa mata alamu, a dasa itatuwa a gefenta kamar yadda shirin Gombe Goes Green ya saba yi tun 2019. A birnin Landan akwai irin wannan hanya a gandun Hyde Park, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, wadda aka shata tun ƙarshen ƙarni na 17, kuma har gobe ana hawa a kanta, saboda an kare ta daga gine-gine. Sai dai akwai gargaɗin da ya shafi Gombe musamman. Ƙasar birnin mai rairayi ce kuma a gangare take, kowa ya ga irin kwazazzaban da zaizaya ta haƙa a unguwanni, da maƙudan kuɗin da aka kashe wajen gyara su a ƙarƙashin shirye-shiryen NEWMAP da ACReSAL na Bankin Duniya. Tayar babbar mota da kofaton doki suna buɗe wa ruwa hanya. Saboda haka a daɓe matsayar da tsakuwa, a gina magudanar ruwa kafin damina ta farko, in ba haka ba filin wasa zai zama sabon kwazazzabo.

Wani zai ce doki abin masu hali ne, kuma jihar da ke da asibitoci da makarantu masu jiran gyara ba ta da rarar kuɗin da za ta kashe a kan nishaɗin sarakuna da attajirai. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ta sa ba mu ce a ɗebo kuɗin daga baitulmali ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka abin da ke kan gwamnati shi ne ta keɓe filin, hukumar GOGIS ta yi masa rajista a matsayin na jama'a yadda ba za a yanka shi fuloti-fuloti ba, sa'an nan a shimfiɗa hanyar da za ta kai ƙofa. Sauran aikin a ba ɗan kasuwa haya ta wasu shekaru bayan an yi takara a fili, ya gina dakali da rumfuna, ya riƙa karɓar kuɗin shiga a kan kowace mota da kowane doki bisa farashin da aka buga kowa ya gani. Daɗin daɗawa, matsayar da dakalin za su yi amfani wajen sauke raguna gab da Babbar Salla da kuma bikin nunin amfanin gona, ta yadda wurin ba zai zauna a rufe ba.

Kasuwar ma tana nan tafe. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, abin da ya ƙara jawo hankalin baƙi ga hawan dawaki a Arewa baki ɗaya. Gombe kuwa mahaɗa ce ta hanyoyin Bauchi, Yola, Biu, Potiskum da Kano, ga filin jirgin sama, kuma ita ce ta zo ta ɗaya a sauƙin gudanar da kasuwanci tsakanin jihohin Nijeriya a rahoton majalisar PEBEC na 2021 da na 2023. Mai doki a Bauchi ko Adamawa, wanda kuɗin jigila ya yi masa tsada tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, ba zai ɗoro dabbarsa ba sai ya tabbata akwai inda zai sauke ta lafiya.

Muna kira ga Majalisar Masarautar Gombe, da ƙungiyar 'yan kasuwa ta jihar, da masu dawaki, su zauna da hukumar tsara birni su nuna fili tun yanzu, a kafa masa duwatsun iyaka a cikin wannan rani. Rumfa da ado suna iya jira har kuɗin ƙofa ya taru, amma filin da aka riga aka yi gini a kansa ba ya dawowa.